Ba Kebul Ba Ne, Baba

Tun kafin in ajiye jakata ranar Litinin ɗin nan wayoyin ofis suke ruri. Kamfanin na yayana ne, ni ce autarmu, ni kuma nake kula da sabar, wato babbar kwamfutar da ke karɓar sakamakon gwajin jini daga ɗakin gwaje-gwaje ta miƙa wa ƙananan asibitoci goma sha huɗu. Da safen nan ko ɗaya cikinsu bai samu sakamako ba. Na'urorinsu sun ƙi kula sabar ɗinmu ƙememe.

Na tarar da Yaya a tsakiyar ofis yana zazzaga wa Baba Kebul masifa a gaban kowa. Baba Kebul shi ne mai ja mana wayoyi, kuma tun zamanin mahaifinmu yake wannan aiki. Shi ya koya wa Yaya yadda ake feƙe waya tun Yaya bai kai tsawon tebur ba. Ranar Asabar ya wuni yana sake jera kebul a ɗakin sabar, ya manna wa kowanne lamba da rubutun hannunsa.

"Kai kaɗai ka taɓa ɗakin nan," in ji Yaya. "In sha biyu ta buga abin nan bai dawo ba, ka tattara kayanka. Na gaji da aikin tsufa."

Baba ya ɗauki 'yar na'urarsa ta gwada kebul ya shige ɗakin. Ni kuwa raina ya ɓaci. Na ce, "Yaya, me ya nuna maka kebul ne?"

Ya juyo mini da kwamfutarsa. Ya buɗe shafinmu a burauza, manhajar nan ta duba shafukan intanet, ga ɗan kwaɗon nan a saman shafi, alamar an kulle hanya lafiya. "Kin gani? Sabar lafiyarta ƙalau. Saura me in ba waya ba?"

"To in wayar ce ta lalace, ta ina shafin ya biyo ya zo maka? Ta taga?"

Sakatariyar ofishinmu ta ƙunshe dariya. Yaya ya sha mur, ya ce in je in yi abin da aka ɗauke ni yi. Haka yake tun muna yara, in ka kama shi da magana sai ya tuna maka shi ne babba.

Na zauna na buɗe baƙin allon nan da Yaya yake kira allon matsafa, don babu hoto ko ɗaya sai rubutu. Ni kuwa shi na fi yarda da shi. Burauza 'yar rufa-rufa ce, in ta ga wani abu ya ɓace sai ta lallaɓa ta nemo da kanta, ta nuna maka kwaɗo kamar ba a yi komai ba. Baƙin allo ba ruwansa da rufin asiri. Ka rubuta umarni layi ɗaya, ya ƙwanƙwasa ƙofar sabar, ya zayyano maka duk gaisuwar da suka yi kafin a kulle hanya, a ƙarshe ya ba ka lamba. In sifiri ce, komai daidai.

Na rubuta, na danna. Nan take sabar ta amsa, ke nan kebul ɗin Baba yana aikinsa. Rubutu ya zubo, na gangara ƙasa, sai ga lamba ashirin da ɗaya, wato an kasa tantance takardar shaidar da sabar take nuna wa kowace na'ura don a yarda ita ce.

Da farko kaina na zarga, don na sha yin wauta. Na ce ko na manta ban sa sunan shafin a umarnin ba ne, sabar ta miƙo wata takarda daban. Na sa suna, na sake dannawa, ashirin da ɗaya. Na duba agogon sabar, daidai yake. Na duba ranar ƙarewar takardar, sai na ga saura mata wata uku cur. Nan na tsaya. Takardar da na sani saura mata kwana tara, har na rubuta a jikin bango cewa ranar Laraba zan sabunta ta. Wani ya riga ya sabunta ta ke nan. Wane ne wannan mai taimakon da ban roƙa ba?

Na ƙara wa umarnin kalmar da ke sa shi ya baje dukkan takardun da sabar ta miƙo. Ya kamata in ga biyu: tamu, da ta tsakiya wadda ke tsaya mata, ta haɗa ta da hukumar da kowace na'ura ta sani. Guda ɗaya na gani, tamu, tsirara ba mai tsaya mata. Burauzar Yaya ta nemo ta tsakiyar da kanta ta yi shiru. Na'urorin asibiti kuwa ba su iya wannan dabara ba, suna ganin baƙuwar fuska suka rufe ƙofa.

Na leƙa fayil ɗin da takardar take ciki. An taɓa shi ranar Asabar, ƙarfe sha ɗaya da minti goma sha biyu na safe, da sunan shiga na Yaya.

Kai! Wallahi sai da na miƙe tsaye. Ta ƙofar ɗakin sabar ina hango Baba durƙushe a kan siminti, sanyin na'urar sanyaya ɗaki yana dukan bayansa, yana cire kebul ɗaya bayan ɗaya yana gwadawa, ya ɗaga tabarau ya sauke. Zagaye na uku ke nan yake yi.

Na shiga ofishin Yaya na turo ƙofa, don duk haushina ban so in tozarta shi a gaban ma'aikatansa.

"Yaya, ka taɓa takardar shaida ranar Asabar?"

Ya fara kame-kame. Wai saƙo ne ya shigo cewa ta kusa ƙarewa, ni kuma ina gida, shi ne ya ce bari ya sabunta ta ya rage mini aiki.

"Da ka buɗe fayil ɗin me ka gani?"

"Tarkacen haruffa, dunƙule biyu iri ɗaya. Na ga an maimaita ne, sai na goge na ƙasan. Kin san ba na son ƙazanta a aiki."

"Iri ɗaya? Ka karanta su ne? Wanda ka goge shi ne takardar tsakiya, rashinsa ne ya tsayar da asibiti goma sha huɗu!"

"Amma na gwada, kwaɗo ya fito."

"Sau nawa zan ce maka kwaɗon burauzarka ba gwaji ba ne? Sau nawa, Yaya?"

Ya gyara zama. "To na ji. Je ki gyara, kuma maganar ta tsaya a ɗakin nan."

"Baba fa?"

"Na riga na yi magana a gaban mutane. So kike in fita in ce ni ne? Gobe wa zai ji maganata a ofishin nan?"

Na ce masa ba zan taɓa komai ba sai ya fita ya wanke tsohon nan. Na faɗa da ƙarfi, har da buga tebur, kuma har zuciyata haka nake nufi. Sai wayata ta yi ƙara. Babbar nas ce ta ɗaya daga cikin asibitocin, muryarta a dushe don faɗa. Ta ce akwai wata mata da aka hana ta ci tun jiya saboda za a yi mata aiki, likita yana jiran sakamakon jininta, mijinta ya kusa ɓalle musu ƙofa. Yaya yana ji, ya kalle ni ya ɗaga gira, don ya san ya gama da ni.

Na koma kujerata cike da takaici. Gyaran bai kai minti biyu ba. Na mayar da dunƙulen da ya goge a ƙarƙashin namu, na sake tayar da sabar, na rubuta umarnin nan. Takardu biyu suka fito, lamba ta koma sifiri. Ƙarfe sha biyu saura minti ashirin wayoyi suka yi tsit.

Abin haushin, daidai lokacin ne Baba ya mayar da wani kebul da ya cire. Sakatariya ta yi ihu ta ce aiki ya dawo. Yaya ya fito daga ofis yana murmushi, ya tafa hannu sau biyu.

"Kun gani ko? Da ya taɓa wayar da ya lalata ai ga shi nan. Baba, na yafe wannan karon, albarkacin mahaifinmu. A dai riƙa lura."

Na ciji leɓe. Na ce wa kaina, ke Auta yi shiru, aikinsa dai ya tsira, shi ne muhimmi. Na ma fara tattara takarduna.

Sai Baba ya fito daga ɗakin sabar yana dafa bango, gwiwoyin wandonsa sun yi fari da ƙurar siminti. Bai yi murna ba. Ya tsaya gaban Yaya, yaron da ya goya, ya sunkuyar da kai.

"Ku yi haƙuri, ranka ya daɗe. Sau uku na bi su ban ga inda na kuskure ba. Shekara talatin da ɗaya ban taɓa haɗa wayar da na kasa gane laifinta ba. In har na kai inda zan ɓata aiki, in gyara, ban san na yi ba, to idon ya tafi. Aikin asibiti ne, da ran mutane a ciki. Gara in ajiye tun ban kashe wani ba."

Ya zaro 'yar na'urar gwajin daga aljihu ya ɗora a teburina. Sannan ya dube ni, idonsa ya kaɗa.

"Auta, ke kike ganin cikin abin. Don Allah gaya mini wanne ne, lamba nawa? In sani kawai."

Yaya yana bayansa yana zare mini ido. Na san abin da zai biyo baya, na san har gida maganar za ta kai, a ce na ci mutuncin babban wana a bainar jama'a. Amma tsohon nan yana tsaye yana jiran in faɗa masa lambar kebul ɗin da ya nuna ya makance.

Na ce, "Ba kebul ba ne, Baba. Ko ɗaya. Aikinka lafiya lau yake tun ranar Asabar."

Na juyo da allon yadda kowa zai gani, na karanta ranar, da lokacin, da sunan wanda ya taɓa fayil ɗin. Ban ƙara ko kalma ɗaya tawa ba.

Yaya ya hau borin kunya, ya ce in ajiye makullin ɗakin sabar in fita. Na ciro shi na dangwarar. Ko kallon Yaya Baba bai yi ba. Ya matso kusa da allon, ya ɗaga tabarau, ya bi layin da yatsa a hankali duk da ba ya gane rubutun, har ya kai kan sunan. Wannan kam ya iya karanta shi, don shi ya raka mai sunan makaranta ranar farko.

"Ka sani?" ya tambayi Yaya. "Lokacin da nake ba ka haƙuri yanzu, ka sani?"

Yaya ya kau da kai.

Baba ya ɗauki na'urarsa daga teburina, ya goge ta da gefen riga, ya mayar aljihu. "To alhamdu lillahi, idona lafiya," ya ce. Ya saɓa jakar kayan aikinsa, ya yi wa Sakatariya sallama, ya yi mini, ya wuce Yaya kamar bango.

Na bi shi har bakin titi ina cewa ya tsaya, ai ba wanda ya kore shi yanzu. Ya ce ya sani. Ya ce in koma in roƙi yayana makullin, don masu jinya ba su yi wa kowa laifi ba, kuma kebul mai lamba tara yana son a canza masa kai kafin ƙarshen wata.

Bayan kwana biyu Yaya ya aiko Sakatariya da makullin, ba tare da ko kalma ba. Har yau ba ya amsa gaisuwata. Na canza wa lamba tara kai da hannuna, sau huɗu ina ɓatawa kafin ya kama.