Ƙyandar da Ke Cikin Hoto

Kwana uku da haihuwar Sharifa, mijinta Intalla ya addabi kowa da kira daga Arlit, inda bai daɗe da samun aikin tuƙi ba. Shi dai a nuna masa fuskar 'yarsa ta fari. Ƙanwarsa Hamsatu, mai shagon hoto a Dakoro, ta rataya kamara ta nufi gidan.

A bakin ɗaki ta ci karo da Uwale, mahaifiyar mai jego, wadda ba a ja da ita. Ta ce jaririya ba ta leƙa waje kafin suna, ba kuma mai haska mata wannan walƙiyar ta kamara a ido. Ɗakin kuwa ko da rana tsaka duhu ne. Hamsatu ta ƙure ƙarfin kamarar, ta ɗauka, ta aika ba ta ko duba ba.

Nan take waya ta yi ƙara. Duk gefen fuskar da ke cikin inuwa ya fito da ɗige-ɗige ja da kore, Intalla kuma ya rantse ƙyanda ce ake ɓoye masa.

"Ku hwaɗa mani gaskiya, mi ya samu ɗiyata? Gobe ina bisa hanya, aikin ya tai."

Hamsatu ta yi dariya, amma ta san halin yayanta. Ta gwada goge ɗigon a waya, fuskar ta koma sumul kamar ta 'yar tsana. Da ta aika, wannan ma ya fi tayar masa da hankali.

Sai ta daina faɗa da hoton, ta nemi haske. Ta sa aka yaye labule, Sharifa ta matso da jaririya kusa da ƙofa. Hamsatu ta sauko da babban faranti daga jeren amarya, ta danƙa wa Uwale ta tare rana da shi ta maido hasken kan kumatun. Tsohuwa ta riƙe tana mita. Hamsatu ta rage ƙarfin kamarar, ta kife turmi ta ɗora ta don kada hannu ya girgiza, ta jira jaririya ta yi lamo, sannan ta ɗauka ta aika.

A hoton, bayan ɗakin ya zauna baƙi wuluk, fuskar kuwa tas, har gashin gira ana gani.

Intalla ya sake kira. Da ya yi magana, dariya ce haɗe da kuka.

"Hamsatu, goshin Inna ne wanga. Ku sa mata sunan Inna, Lalla."