Tayoyi Masu Faɗi a Motar Mai Agogo

Mai Agogo ya yi shekara arba'in yana gyaran agogo a wani ɗan shago da ke ƙarƙashin matakalar bene, kuma duk wanda ya san shi ya san ba ya tilasta wa abu shiga inda ba wurinsa ba. In ka kawo masa agogo bai sami kayan da suka dace ba, sai ya mayar maka da abinka ya ba ka haƙuri. Matarsa, wadda kowa ke kira Malama domin ta koyar a firamare har ta yi ritaya, takan tsokane shi ta ce ita ma sai da ya duba ta da gilashin idonsa na aiki kafin ya aure ta.

Suna da wata 'yar ƙaramar mota fara, wadda suka saya tun Auta, 'yarsu ta ƙarshe, tana aji uku. Yanzu Auta ta yi aure tana aiki a wani gari, sauran 'ya'yan ma kowa ya kama gabansa, gida ya rage daga shi sai Malama.

Ciwon Malama ya fara kamar ciwon baya na masu shekaru. Aka yi ta shafe-shafe da gashin ruwan zafi, har ranar da likita ya zaunar da su ya ce ciwon daji ne, kuma ya riga ya kama ƙashin baya. Daga nan aka sa musu zuwa asibiti sau biyu a mako, Litinin da Alhamis.

Hanyar ba ta da nisa sosai, amma kwaltar ta daɗe da mutuwa. Ramuka ne a jere, ga kuma kwana uku masu kaifi a gangaren da ke bayan gada. Zama ya gagari Malama, don haka yakan jera mata matasai a kujerar baya ta kwanta a gefe ɗaya. Duk ramin da taya ta faɗa sai ya ji wani ɗan sauti ya fito mata ta hanci, ba kuka ba, ba magana ba. Yakan yi tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai, na bayansa suna ta danna masa oda, amma sautin nan bai daina ba. Har in ya koma shago ya sa agogo a kunne, shi yake ji.

Wata Alhamis, a bencin jira na asibiti, wani mai jinyar ƙaninsa ya ce masa ai maganin rami taya mai faɗi ce, tana shanye shi kamar soso. Ya faɗa da tabbaci, har yana gwadawa da hannu. Wanda ruwa ya ci, ko kaifin takobi aka miƙa masa sai ya kama. Washegari da hantsi Mai Agogo ya tsaya a rumfar mai facin da ke duba masa taya shekara da shekaru.

Mai facin mutum ne mai kimanin shekara hamsin, marar yawan magana, da tabon ƙuna a bayan hannu. Ya durƙusa ya karanta lambar da ke jikin taya, ya auna rim da yatsunsa, sannan ya yi masa bayani a hankali. Rim ɗin da motar ta zo da shi siriri ne. In an ɗora masa taya mai faɗi sosai sai ta yi tumbi, gefunanta su tsuke, tsakiyarta kaɗai ta riƙa taka ƙasa, kuma a kwana motar ta dinga tangaɗi kamar kwalekwale. Mataki ɗaya zai iya ƙara masa, in ya matsa. Faɗi kuwa, in ji shi, ba shi ke kawo laushi ba.

Mai Agogo ya nuna wasu tayoyi huɗu da ke jingine a bango, waɗanda suka fi nasa faɗi nesa ba kusa ba, ya ce su yake so.

“Baba, kai ma mai sana'a ne,” in ji mai faci. “Da na kawo maka agogo na ce ka cusa masa abin da ba nasa ba, za ka yi?”

“Ba zan yi ba.”

“To?”

Sai Mai Agogo ya gaya masa zancen Malama, da matasan, da sautin. Bai taɓa gaya wa kowa zancen sautin ba, ko Auta. Ya ce likitoci suna da abin da suke yi mata, masu jinya suna da nasu, shi kuwa tuƙi kaɗai ya rage masa, kuma tuƙin ne ke ba ta wahala.

Mai faci ya tashi ya jawo jak.

Aikin ya ci rabin yini. Ya shafa ruwan sabulu a bakin kowace taya, ya yi ta banƙara ta da ƙarfe tana ƙin shiga, gumi yana ɗiga daga haɓarsa. Ta uku sai da aka sace iskarta sau biyu kafin ta zauna. Da ya gama ya sa aka murɗa sitiyari har ƙarshe, suka ji ta gaba tana gogar jikin mota kaɗan. Ya gargaɗe shi kada ya yi gudu, kada ya shiga kwana da ƙarfi, in kuma ya ji wani abu ya dawo.

Ran Litinin, kafin ya kwantar da Malama, sai da ya zagaya da ita a hankali ta ga tayoyin. Ta dube su, ta dube shi, ta yi dariya har ta dafe baya. Ta ce motar ta zama kamar yarinyar da ta sa takalmin babanta. Ya yi mata bayanin soso da rami kamar shi ya ƙirƙiro.

Ranar nan har suka isa asibiti bai ji sautin ba ko sau ɗaya. A bakin ƙofa, yana ɗago ta, ta ce, “Baban Auta, yau kamar a kan katifa na zo.”

Rabonsa da farin ciki irin na ranar tun kafin zancen likita. Ya buga wa Auta waya ya ba ta labari, ya biya ta rumfar mai faci ya ɗaga masa hannu ta taga. Shi kansa yana jin motar ta canza. Sitiyari ya yi nauyi, a kwana kuma takan kwanta gefe ta dawo kamar mai maye. Amma tunda bayan mota shiru ne, sai ya ce a ransa nasa ne ya saba.

Haka aka yi mako uku. A na huɗu, a gangaren bayan gada, motar ta daki wani rami, madubin gabansa da ya daɗe da sakwarkwacewa ya sunkuyo ƙasa. Ya kai hannu zai gyara, sai ya ga kujerar baya a ciki.

Malama ta cusa ƙaramin tawul a baki ta cije shi. Idonta a rufe gam, hannunta ɗaya ya naɗe bel ɗin kujera har yatsun sun yi fari. Suna shiga kwana, motar ta yi tangaɗinta, ya ga jikinta duka ya ƙame, hawaye ya gangara ya shige mata kunne. Ko tari ba ta yi ba.

Ya ɗaga madubin. Bai tsaya ba, don in ya tsaya za ta san ya gani. Da suka isa, tawul ɗin ya ɓace cikin jakarta, ta goge fuska, ta yi masa murmushi ta ce Allah ya yi wa tayoyin nan albarka. Ya ce amin. Bayan an shiga da ita ya koma cikin mota ya rufe ƙofa, ya kifa kai a sitiyari, ya yi kukan da bai yi ba ranar da likita ya yi magana.

Washegari ya koma rumfar. Ya tsaya kamar ɗalibin da ya yi laifi, ya faɗi abin da ya gani. Mai faci bai ce ai na gaya maka ba. Ya aika aka kawo sababbin tayoyi daidai da lambar motar, masu laushin gefe, ya ɗora su cikin sa'a ɗaya, ya rage musu iska kaɗan. Mai Agogo kuma da ya koma gida ya ɗauko 'yar sukudirebarsa ya ɗaure madubin tam. Abin da ya gani, ba ta so ya gani ba, kuma ya ƙudurta ba zai sake leƙa ta ba.

Bai gaya mata ya canza ba. In ya faɗa, dole ya faɗi dalili, ya kwance mata zanin da ta yi mako huɗu tana riƙewa da haƙori. Sai ya riƙa matso da motar dab da bakin ƙofa, ya buɗe murfin baya ya tare mata ganin taya, ya shigar da ita. A lokacin ƙafafunta sun fara ƙin ɗaukarta, idonta yana kan inda za ta taka. Ko ta lura, ko ba ta lura ba, bai sani ba. Abin da ya sani shi ne duk Litinin da Alhamis bayan mota shiru, a bakin asibiti kuma ta yaba wa tayoyinsa masu faɗi, shi kuma ya karɓi yabon. Ranar da Auta ta zo dubiya ma sai da Malama ta ce mata ubanta ya fi likitocin dabara. Auta ta kalli motar ta taga, ta kalli ubanta. Ya girgiza mata kai kaɗan, ta yi shiru.

Wata biyu bayan haka asibiti suka riƙe ta. Ta yi kwana tara a gado, ta cika da safiyar Laraba, Auta tana riƙe da hannunta, shi kuma ya fita nemo mata ruwan zafi a filas.

Bayan mutane sun ragu, wata rana da la'asar mai faci ya zo gaisuwa. Ya sa riga mai tsabta, amma baƙin taya bai fita daga faratansa ba. Suka zauna a kan benci a tsakar gida, mai faci ya yi addu'a. Can Mai Agogo ya juyo ya ce yana da tambaya, kuma yana so a amsa masa tsakani da Allah, ba don a faranta masa ba.

“Tayoyin nan na biyu da ka sa mini. Sun rage mata wani abu?”

Mai faci ya murza tafin hannunsa, ya yi tunani kamar yadda yake yi kafin ya taɓa kowace mota.

“Tangaɗin kwana ya tafi, Baba, wannan na tabbata. Ramuka kuwa, kaɗan ne. Ba zan ce maka da yawa ba.”

“Amma akwai kaɗan ɗin.”

“Akwai.”

Mai Agogo ya gyaɗa kai. Ya ce tun da Malama ta kwanta kowa ke lallashinsa kamar yaro, yau ne aka yi masa magana irin ta manya. Ya raka baƙonsa har bakin titi, ya tsaya yana kallonsa har ya sha kwana.

Auta ta so ya koma wurinta da zama, ya ce ta ba shi lokaci. Ya yi wata guda a gida, sannan wata Asabar ya fita da ƙafa, ya share ƙurar shagonsa, ya zauna jiran wanda zai fara shigowa.