Farantin Asahel

Tun da labari ya iso cewa jiragen Ingila za su kwashe masu goyon bayan Sarki zuwa can ƙasar Nova Scotia, Inna ta kasa zama wuri ɗaya. Ta share ɗaki, ta sake sharewa, ta leƙa bakin teku ta dawo. Yayana Asahel na cikin masu tafiya, kuma babu zancen dawowa, don mutanen garinmu sun rantse za su shafe shi da kwalta da gashin kaza in ya kuskura ya shigo.

Shekarar da yaƙin neman 'yanci daga Ingila ya ɓarke dalma ta yi wuya, matan yankinmu na Connecticut suka narka kwanukansu na kuza aka zuba harsasai. Inna ta fi kowa zaƙewa. Cokula, butar shayi, farantan aurenta, duk ta jefa a wuta saboda ƙanena Zebulon, wanda ya bi masu neman 'yanci. Faranti ɗaya kawai, wanda Asahel ke cin abinci a ciki, ta ɓoye a buhun masara. Mu kuwa muka koma akushi, har yau haushin abin nake ji.

"Zebulon, tura kwalekwale ka kai ni," in ji ta.

"Wurin maci amanar nan? Inna, mu fa muka ci yaƙin."

"To sarkin yaƙi, ni na haife shi, ni na haife ka. Tashi."

Ni ma na shiga. Duk tsawon tsallakawar Inna na rungume da farantin, tana faɗa wai Zebulon ya iya harbi amma tuƙi sai ka ce tsohuwa.

Mun sami Asahel a bakin tashar jiragen ruwa ta tsibirin Long Island, a tsakiyar akwatuna da kukan yara, yana dogara sanda. Ya rame har na ji tsoro. Inna ta miƙa masa farantin, ya juya shi, ya shafa lotsewar da ya yi masa tun yana yaro.

"Ina sauran, Inna?"

Sai ya laluba aljihu ya fito da wani ɗan dunƙule mai haske.

"A gwiwata likita ya ciro shi. Ya ce bai taɓa ganin dalma fara haka ba. Na ce masa ba dalma ba ce, kayan gida ne."

"Duk garin sun narka nasu, ba ni kaɗai ba," in ji ta.

"Na sani, Inna."

Zebulon ya ƙura wa ruwa ido. Aka kaɗa ƙararrawar jirgi, Asahel ya cusa farantin cikin rigarsa, ya damƙa mata harsashin, ya bi layi yana ɗingishi.

Tun ranar, in an zo cin abinci, Inna kan ajiye harsashin a mazaunin Asahel. Ita kuwa a tsaye take cin nata.