Kainuwar Auta

Tela ne ya sayi akwatin kifin, kuma yana so a riƙa tunawa da hakan. Tun da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da mahaifinsu, shi ya ɗauko tsohon ya dawo da shi gidansa, ya kwaso keken ɗinkinsa daga shago ya kafa a falo don ya riƙa aiki idonsa na kansa. Shi ne wanka, shi ne aski, shi ne ɗagawa daga gado zuwa keken guragu. Ƙaninsa kuwa, Auta, mai sayar da magani a wani kanti can ƙetaren gari, sai ranar Asabar yake leƙowa yana ƙamshin turare, ya yi awa guda ya kama gabansa. Ya ba arba'in baya amma har yanzu Auta ne, kuma da ya yi sallama sai ɓangaren fuskar Baba mai motsi ya washe. Wannan fara'ar Tela yake nema shekara biyu bai samu ba, kuma abin yana cin sa ƙwarai.

Likita ce ta ce a samo wa tsohon abin kallo, kada ya wuni yana zura wa bango ido. Tela bai tsaya shawara da kowa ba, ya tafi shagon masu kifin ado ya zaɓi akwatin gilashi mai tsawon hannu biyu, da fitilarsa, da ɗan injin tace ruwa, da kifaye shida masu faffaɗar wutsiya. Da aka zo kan shukar da za a sa a cikin ruwan sai mai shagon ya tsayar da shi.

"Iri biyu ne, maigida. Akwai mai yawo a saman ruwa, ita zubawa kawai za ka yi ka manta da ita. Akwai kuma masu kara, waɗanda ake dasawa cikin yashi ɗaya bayan ɗaya. Su kam suna son haske, suna son aski duk mako."

"Ba ni masu wahalar," in ji Tela.

Shi mutum ne da bai yarda da abin da ba a zubar wa gumi ba. Ya wuni guda a sunkuye da dogon hantsaki yana cusa kara cikin yashi, wani ya kama, wani ya ƙwace ya taso sama, ya sake kamo shi yana ƙunƙuni. Ya jera korayen a baya, masu jan kai a tsakiya, layi ya miƙe kamar ya sa awo. Duk mako yakan ɗauko ƙaramin almakashinsa na yanke zare ya rage musu tsawo, ya mayar da kawunan ya dasa. Cikin wata biyu akwatin ya zama lambu. Masu kawo ɗinki har mantawa suke da abin da ya kawo su.

Baba yana kallo daga kekensa, amma bai taɓa cewa uffan ba. Tela ya yi masa uzuri, tunda dama maganar tana yi masa nauyi, kalma ɗaya sai ya yi kokawa da ita kafin ta fito.

Ran nan, wata Asabar, sai ga Auta da 'yar leda ɗaure, ruwa na ɗiga a kan dardumar falo.

"Yaya, ga tsaraba na kawo wa kifayenka. Wani mai sayen magani ne ya ba ni, wai ta yi masa yawa."

Kafin Tela ya ɗaga ƙafa daga keken ɗinki, Auta ya kwance ledar ya juye. Kainuwa ce guda huɗu, ƙanana, ganyen a buɗe, saiwoyin suna reto cikin ruwa. Ko hannun rigarsa bai naɗe ba.

Baba ya miƙa wuya ya duba. Sai ya yi dariya, dariya sosai mai sauti, wadda gidan ya manta da irinta. Ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya nuna.

"Kainuwa," ya ce, ya numfasa, "dashen Allah."

Kalma uku a jere, babu tuntuɓe. Auta ya tafa, matar Tela ta leƙo daga kicin tana hamdala, shi ma Tela ya yi murmushi don kada a ce. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Wata biyu yana tsoma hannu a ruwa har fatar yatsunsa na yamushewa, ashe abin da za a yaba kyauta ce da wani ya rasa inda zai zubar.

Kainuwa kuwa ba ta san kawaici ba. Huɗu suka zama goma, goma suka rufe fuskar ruwan ruf. Hasken fitila ya daina sauka ƙasa. Masu jan kai suka koɗe, korayen suka fara zubar da ganyen ƙasa, suka miƙe sirara suna neman haske. Baba kuma yanzu da an gama yi masa wanka sai ya nuna a tura shi jikin gilashin. A nan zai wuni, hancinsa kusa da saiwoyin nan, leɓensa na motsi, yatsansa na taɓa gilashin a hankali. Tela na taka keken ɗinki yana satar kallonsa, har sau biyu yana haɗa hannun riga a baibai.

Ya koma wurin mai shagon da fuska a murtuke, ya kai ƙarar kainuwa.

"Inuwa ce ta yi musu yawa, ba wani abu ba," in ji mai shagon. "Ka sami siririn tiyo ka yi zobe da shi a saman ruwan, ka tara ta a ciki, duk mako ka rage. Ai suna zama tare lafiya lau. Ita ma tana da amfaninta, tana shanye dattin ruwa, kuma ƙananan..."

"To, ita ce dai ke kashe su ko?"

"In ta yi yawa, e. Amma ka ji, maigida..."

Tela ya riga ya kai bakin ƙofa. Abin da ya zo ji ya ji, kuma shi ba zaman tare ya zo nema ba.

Ranar Talata matarsa ta kai Baba asibiti wurin masu motsa jiki. Motar na ɓacewa ya ɗauko mataci daga kicin da bokiti. Bai rage ba, bai yi zobe ba. Ya kwashe ta tas, har ɗan ganyen da ya maƙale a bayan injin sai da ya sa hantsaki ya ciro. Ya fita ya juye bokitin a magudanar bakin titi, ya bi da ruwa. Da ya dawo haske ya cika akwatin har ƙasa, layukansa sun fito fes. Ya ji daɗi, babu amfanin ɓoyewa, ya ji daɗi har yana 'yar waƙa a kan keke.

Da suka dawo Baba ya nuna gilashin, Tela ya tura shi da kansa, yana jira ya ji me za a ce. Tsohon ya duba sama, ya duba kusurwa, ya sake duba sama. Yatsansa ya tsaya a iska.

"Ina... 'ya'yan?"

"'Ya'yan wa, Baba?"

Tela ya durƙusa, kansa ya zo daidai da na tsohon, wurin da bai taɓa kallon akwatin daga nan ba. Shi kullum a tsaye yake, idonsa a kan karansa. Sai yanzu ya ga wani ɗan abu kamar tsinken allura mai idanu biyu, yana maƙale a jikin gilashi can sama, yana neman wurin ɓuya a ruwan da babu ko inuwa. Ashe kifayen sun haihu, kuma cikin saiwoyin kainuwar 'ya'yan suke fakewa daga manyan. Suna kallo wata babbar mace cikin kifayen ta taso a hankali, ta buɗe baki sau ɗaya, wurin ya zama wayam.

"Su... sha ɗaya ne," in ji Baba. Kalmomin suna fitowa da ƙyar, amma bai fasa ba. "Kifinka... ne. Ina jira... su girma. In nuna maka."

Tela ya buɗe baki zai ce kainuwar ruɓewa ta fara yi, sai ya ga idon tsohon a kan matacin da ya bari a gefen akwatin, ɗanyar saiwa na manne da shi. Ya haɗiye maganar. Kunya ta rufe shi, irin wadda bai ji ba tun yana yaro.

Baba bai yi faɗa ba. Ya dafa hannun keken ya ce, "Juya ni." Tela ya juya shi, ya fuskanci bango.

Ya zaro waya daga aljihu ya nemo lambar Auta. Sau biyu yana kashewa kafin ta shiga, a na uku ya bari.

"Yaya! Lafiya dai? Jikin Baba ne?"

"Lafiya lau. Mutumin nan da ya ba ka kainuwa, ko yana da saura?"

Auta ya fashe da dariya, har ana jin tana amsawa a cikin kantin.

"Ashe kai ma ta shiga ranka! Bari in kawo da kaina anjima, Baba zai ji daɗi."

"Zai ji," in ji Tela.