Kalmar Sirrin Ranar Litinin

Ofishina yana ƙarƙashin bene, jikin ɗakin da na'urori ke wuni suna gurnani. Taga ɗaya ce, ita ma takalman masu wucewa kawai take nuna mini. Shekara shida ina kula da kwamfutocin kamfanin nan, na fi sanin takalman ma'aikata a kan fuskokinsu. Ba mai tunawa da ni sai ranar da intanet ta ɗauke.

Kowace Litinin da safe nakan sauya kalmar sirrin waifai, in tura wa kowa ta waya. Su karanta su yi gaba, ko sannu babu. Inna Fayil ce kaɗai, dattijuwar da ke kula da takardu a hawa na uku, take saukowa da ƙafarta tana haki.

"Injiniya, idona ba ya ganin rubutun waya. Rubuta mini a takarda, ka yi shi manya-manya."

Sai in rubuta, in haɗa shayi kofi biyu. Ta zauna ta kawo mini ƙarar gwiwarta da ta jikokinta marasa zumunci, ta tambaya ko 'yata ta kira daga inda take aure. Tun rasuwar matata, wannan minti ashirin ɗin ce kaɗai hirar da nake yi a mako wadda ba ta na'ura ba. Ba na jin kunyar faɗa, da ita nake kaiwa wata Litinin ɗin.

Kwatsam Manaja ya amince da shawarar da ni da kaina na rubuta masa bara, da hannuna mai ƙaiƙayi. Kalma ɗaya a hannun mutum arba'in da uku ƙofa ce a buɗe, don haka kowace kwamfuta za a saka mata takardar shaidarta. In ta zo shiga waifai, ta nuna tata, na'urar tsaronmu ma ta nuna tata, su gane juna, shi ke nan. Ba sauran sauya kalma, ba sauran tambayar kowa. Manaja ya ce Juma'a ƙarfe huɗu za a kashe tsohon layin waifai mai kalmar sirri.

Na ɗauki filashin da na zuba takardun shaidar a ciki na bi tebur-tebur. In shigar da takardar, in zaɓi sabon layin, in gargaɗi kwamfutar kada ta yarda da kowace na'ura sai tamu, in gwada. Mai teburin ya tsaya a kaina yana danna waya.

"Minti nawa?"

"Biyar."

Hirar ke nan, sau arba'in da biyu. Sunan Inna Fayil kuwa na yi ta tsallake shi kamar ban iya karatu ba.

"Saura nawa?" in ji Manaja ranar Juma'a.

"Ɗaya, ranka ya daɗe."

"Tun Laraba kake ce mini ɗaya."

Ƙarfe uku da rabi na hau. Ban taɓa zuwa teburinta ba, ita ce kullum mai zuwa. Ashe can bayan kantocin fayil aka cusa ta, inda ko tagar takalma babu. Ta tashi ta ba ni kujera, ta shiga jera fayilolin da suke a jere.

Na nemi alamar waifai a fuskar kwamfutar, ban gani ba. Na duƙa ƙarƙashin tebur. Tsohon akwatin kwamfuta ne, shuɗiyar wayar intanet ta fito daga bayansa ta shige bango. Wannan kwamfutar ba ta taɓa sanin waifai ba, ba ta ma da abin kama shi. A durowar da ke rabin buɗe na hango takarduna, da rubutuna manya-manya, an ɗaure su da roba.

Na daɗe a duƙe, fiye da yadda aikin yake bukata.

"An gama?" ta tambaya, ba ta juyo ba.

"An gama, Inna. Taki ba ta bukatar komai."

"To, madalla."

Na ja layi a kan sunanta na sauko. Ƙarfe huɗu na kashe tsohon layin, ba wanda ya kira, alamar aiki ya yi kyau.

Ranar Litinin na dafa ruwa, hannuna ya jera kofi biyu bai yi shawara da ni ba. Tara ta yi, goma ta yi. Ina kasa kunne ga matakala, ba hakin kowa. Da me za ta zo? Ni na kashe mata dalilin, na kuma nuna mata na gani. Ruwan ya huce, na sake dafawa, na zauna ina kallon takalma. Raina ya yi mini ba daɗi, har na ji haushin na'urorin da ba su taɓa yin lafiya kamar yau ba.

Sha ɗaya saura na ɗauki kofunan. Hawa uku, shayi yana zuba yana ƙona mini yatsu, sai a lokacin na san abin da gwiwarta ke sha duk mako. Na same ta zaune, hannu a kan tebur, ba ta aikin komai.

"Inna, na zo duba waifai ɗinki."

Ta dubi shuɗiyar wayar nan, ta dube ni. Sannan ta kwashe fayilolin da ke kan ɗaya kujerar.

"Gara da ka zo, Injiniya. Tun safe yake ba ni wahala."