Ciyawar Tumbi da Ciyawar Tanki

Daren jiya Nomau ya yi wani mafarki, irin wanda ko mai zazzaɓi zai ji kunyar ba da labarinsa. Da ma da damuwa ya kwanta. San huɗarsa ɗaya tilo, Goshi, ya rame har ana hango haƙarƙarinsa daga bakin zaure, ga damina ta ƙarato, ga harawa ta ƙare ƙaf. Dalili kuwa, bara Nomau ya hana gonarsa wake, ya shuka sabuwar ciyawar nan da masana suka gyara wa iri, wadda aka ce dabba za ta ci ta ƙoshi, ragowar a tatsi man mota. Mota ta zo ta kwashe ciyawar. Goshi aka bar wa ragowar, wato igiyar da aka ɗaure damin.

To, sai ga Nomau a wata ƙasa yana jan Goshi. Ruwa ake tsugawa, amma daga ƙasa yake tsirowa ya yi sama, kowa ya juya lemarsa ya shiga ciki yana tafiya. Nomau bai ga abin mamaki ba. Ciyawa ce ta ɗauke masa hankali, kore shar, ta fi mutum tsawo, sai dai babura ne ke kiwo a cikinta. Wani makiyayi ya saɓa sanda a kafaɗa yana kora garkensu, yana kiran kowane babur da sunansa. Shanu kuwa suna can sun yi layi a gidan mai, ana ta rigimar waye ya riga wani zuwa.

Goshi ya kai baki ya figi ciyawa. Ya tauna, ya haɗiye, ya yi tari, sai hayaƙi.

Sai ga su a ofis. Wani bunsuru ne zaune bayan tebur, ya ɗora tabarau a hanci, yana cin labulen taga a hankali. Shi ne shugaban masu gyaran ciyawa na ƙasar baki ɗaya.

"Ranka ya daɗe," in ji Nomau, "sana ne ke hayaƙi."

"Ta gaba ko ta baya?"

"Ta baya."

"To ai lafiyarsa ƙalau. Wace ciyawa ya ci, ta tumbi ko ta tanki?"

"Ni dai duk kore na gani."

Bunsuru ya cire tabarau ya dube shi, irin kallon da ake yi wa wanda ya shiga masallaci da takalmi. Ya ce ai iri biyu aka ba Nomau, ɗaya na dabba, ɗaya na inji, kowanne da ƙunshinsa. Nan take Nomau ya tuna, irin tunawar mafarki, cewa shi ne ya shuka duk ciyawar ƙasar nan, kuma ya juye irin biyu a ƙwarya ɗaya ya cakuɗa da hannu.

"Ranka ya daɗe, a garinmu ba a shuka abu shi kaɗai. Gero da dawa da wake tare muke zubawa. In wannan ya ƙi, wancan ya rufa asiri."

"Madalla da kai! Mun yi furfura muna raba su a ɗakin bincike, kai ka ɗaura musu aure kana sauraron rediyo. Ga shi nan sun hayayyafa. Yanzu babura na neman gishiri, shanu na neman bakanike."

Nomau ya durƙusa. Shi fa ba tarihin ciyawa ya kawo shi ba. In Goshi bai ja garma bana ba, gidansa ba tuwo.

"A taimake ni da ta tumbi zalla, ko dami ɗaya ne."

"Muna kan bincike. Ka ce masa ya yi haƙuri zuwa baɗi."

"Wallahi ba zai kai baɗi ba."

"Wannan kuma ba sashena ba ne," in ji bunsuru, ya koma kan labulensa.

Sai ga su a gona. An ɗaura wa Goshi garma, shi kuwa ya kwanta a kunya ya ƙi motsi. Jama'a suka taru, kowa gwani. Wannan ya ce batir ne, wancan ya ɗaga masa kunne ya leƙa ya ce baƙin mai ya ƙone. Aka yanke shawarar a tura shi.

"Ku tura! Nomau, sa shi a giya biyu!"

Nomau ya kama wutsiya ya murɗa, kamar yadda ya saba tayar da shi. Goshi ya yi tu-tu-tu, ya girgiza, ya mutu. Aka sake turawa, ya sake mutuwa. Can sai ya juyo da kai, ya dubi mai shi, ya yi magana da murya ƙasa-ƙasa don kada jama'a su ji.

"Nomau, ni fa ba lalacewa na yi ba. Yunwa nake ji."

Kunya da tausayi suka rufe Nomau, ya ji kamar ya nutse. Ya saki wutsiyar ya bazama neman ciyawar banza, gamba ko harkiya ko ma ƙarangiya, kowace iri ce in dai ba wanda ya taɓa gyara ta. Ina! Duk an gyara su. Da ƙyar ya hango ɗan tushen harkiya a gindin wata tsamiya. Yana miƙa hannu, wani ƙaramin babur ya riga shi, ya tsaya a gabansa yana tauna, ƙyas, ƙyas, ƙyas.

Ƙarar ba ta tsaya ba har ya buɗe ido. Gari ya waye. Ya fito tsakar gida ya tarar da ƙaninsa Shekarau a tsugune bakin turke, yana wasa wuƙa a kan dutse. Goshi na kwance, wuyansa a miƙe a ƙasa.

"Yaya, tun asuba muke ɗaga shi, ya ƙi tashi," in ji Shekarau, bai ko ɗago kai ba. "Zo ka riƙe masa kai, kada ya yi mana mushe."