Lotsawar Agogon Baba

Mai gyaran agogo ya maƙala ɗan gilashinsa a ido, ya juya agogon gaba da baya, sannan ya ɗago ya yi wa Auta irin kallon da likita ke yi wa wanda ya sha maganin maƙwabci kafin ya zo asibiti.

"Wa ya taɓa shi?"

Auta ya gyara zama a kan benci. Tambayar da yake jira ke nan tun safe. Shekararsa arba'in da tara, furfura ta fara cin gemunsa, amma a gida har yau Auta ne, kuma har yau ba a ba shi riƙon ko kofin tangaran. A gareji kuwa babu wanda ya kai shi iya buge lotsawar mota. In ya gama da ƙofa, mai motar ma ba ya tuna gefen da aka daka.

"Ni ne," ya ce. "Kwana uku na yi a kansa. Murfin bayan nan ya ɗan lotse daga gefe, na cire shi na buge ta ciki, na sa masa injin gogewa na goge. Ka ga alama?"

"Ban gani ba. Matsalar ke nan."

Tsohon ya buɗe murfin, ya nuna masa wata lamba da bakin hantsaki. Ya ce agogon ya girmi Auta, masu yinsa sun daɗe da daina irinsa, ga injinsa na asali, ko ƙusa ɗaya ba a canza ba.

"Masu tara irin wannan, da sun gan shi da tsufansa da ƙarzunansa, da ka hau sabuwar mota."

"Yanzu fa?"

"Yanzu keke. Shi ma kar ka ja ciniki."

"Wato akwai masu biya su sayi lotsawa?"

"Tsufa suke saye, malam. Kai kuwa ka goge shi tas."

Abin ya sosa wa Auta rai, amma ya yi dariya, don ba sayarwa ya zo yi ba. Wata huɗu da rasuwar Baba agogon ya tsaya. Inna, wadda idanunta suka daɗe da yin hazo, a ƙarƙashin filo take ajiye shi tana jin bugunsa, kuma tun da ya yi shiru barci ya ƙaurace mata. Da ta ce Auta ya kai gyara, Yaya, babbarsu, ta tafa hannu ta ce, "Auta? Sai dai ki ji labarinsa a kasuwa." Inna ta ce, "Shi na ba." Bai taɓa jin magana mai daɗin wannan ba, shi ya sa ya ƙudura zai mayar mata da shi fiye da yadda ta ba shi.

Ya zauna yana kallo, tsohon ya zazzage cikin agogon a kan farin ƙyalle, ya wanke ƙananan haƙoran ɗaya bayan ɗaya, ya ɗiga mai da tsinin allura, ya mayar da komai. Da ya murɗa ɗan maɓallinsa ya yi masa wani, agogon ya kama bugu kamar bai taɓa tsayawa ba.

Da yamma ya tarar da Yaya a ɗakin Inna tana ninke kayan wanki. Ya durƙusa ya gaida Inna, ya ɗora mata agogon a tafin hannu, yana satar kallon Yaya.

Inna ta kai shi kunne, fuskarta ta saki. Sai ta juya shi, babban yatsanta ya bi gefen murfin. Ya sake bi. Murmushin ya ɗauke.

"Wannan ba na babanku ba ne."

"Shi ne, Inna. Gyara ya sha."

"Na faɗa!" in ji Yaya, ta yar da zanen da ke hannunta. "Dubi yadda yake ƙyalli. Ya sayar da na gaske ya sayo miki na tebur!"

"Na babanku yana da lotsawa a nan," Inna ta ce a hankali, ba tare da ta kula Yaya ba. "Ranar da aka haife ka, Auta, aka ce masa ba ka yi kuka ba. Ya cire agogon yana juyawa a hannu, ya kasa zama. Da ya ji muryarka ya kwasa da gudu, ya buga shi a ƙarfen ƙofar asibiti. Sau nawa masu gyara suka ce za su canza masa murfi, ya hana."

Ba wanda ya taɓa gaya wa Auta wannan. Kunya ta rufe shi har ya rasa inda zai sa idonsa.

"Ina ga musanya aka yi a wurin mai gyara," ya ce. "Bari in je in karɓo."

Gareji ya nufa. Mai buge mota ba ya manta lotsawar da ya gyara. Ya san wurinta, ya san zurfinta. Ya cire murfin ya kifa a kan katako, ya ɗauko ƙaramar gudumarsa. Shekara talatin hannun nan yana fitar da lotsawa, yau aka ce ya yi guda ɗaya. Sau uku yana ɗagawa yana saukewa. A na huɗu ya buga.

Da ya dawo Yaya tana nan, ta naɗe hannu tana jira. Inna ta karɓa, yatsanta ya tafi kai tsaye ya faɗa cikin ɗan ramin. Ta daɗe tana shafawa.

"Yauwa. Shi ne."

"Inna, har yanzu ƙyalli yake yi fa," Yaya ta ce.

"Ke kike ganin ƙyalli. Ɗauko mini ruwa."

Sai da takun Yaya ya yi nisa Inna ta tura agogon ƙarƙashin filo, ta laluba ta kamo hannun Auta. Ta shinshina yatsunsa, masu warin man inji.

"Ƙofar asibiti ta fi ka sauƙin hannu," ta ce. "Ba komai. Sau biyu ke nan yana lotsewa saboda kai."